Jirgin da Ya Sauka Ba Sallama

Sauda ta zauna daram a kan akwatin, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

"Tashi a ɗauka," in ji mahaifinta.

"Ba ni tashi, Baba."

Gwaggo Azumi, ƙanwar mahaifin nata, ta saki muciyar da ke hannunta tana salati. A gidan Sarjan Ciɗo na Bambeye ko akuya aka ce ta tashi, tashi take yi. Tsohon sojan Faransa ne, ya yi yaƙin Turai ya dawo da lambar girma da ɗingishi, kuma har yau muryarsa ba ta san an sallame shi ba. Ga shi 'yar da ya kai lakwal, makarantar boko, da hannunsa, har ta zama malama a makarantar 'yan mata ta Tawa, ta zaune kayan baikon da ya ce a mayar wa masu su.

"Kin san da wa kika magana?"

"Na sani. Kai kab ba ni shi, Baba, ban roƙa ba. Yanzu da nis so shi, ba a amshe shi kamar tabarmar aro..."

Tsohon bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma bai fara ranar ba. Ya dai ce ta zauna ta more, ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, raƙumi zai ɗauki akwatin ko da ita a kai. Ya ja ƙafarsa ya fice.

Sai da ya ɓace hawayen suka zubo mata. Haushi take ji, kuma rabin haushin ba na mahaifinta ba ne, na wanda take faɗan dominsa ne.

Almustafa ɗan Tawa ne. Faransawa suka ɗauke shi soja yana saurayi, suka ga kansa yana ja, suka koya masa gyaran jirgi mai saukar ungulu, daga baya tuƙinsa, ya yi shekaru yana tashi da shi a yaƙin Aljeriya. Bayan ƙasa ta sami 'yanci, da yaƙin ya ƙare, ya dawo gida da galan, igiyar muƙamin ajidan, a kafaɗa. Ranar da ya zo gaisuwar farko, Sarjan Ciɗo bai dubi fuskarsa ba sosai, kakin ya duba, ya ce ya ba shi. Sauda kuwa fuskar ta duba, da yadda yake kasa haɗa ido da ita, ƙaton namiji yana wasa da hularsa. A nan ta faɗa, kuma ba ta yi ƙoƙarin tashi ba.

To amma sabuwar rundunar ba ta da ungulun da za ta ba shi. Shekara uku yana zaune a biro, wato ofis, a Yamai yana buga hatimi, yana ramewa. Da damina ta wuce a shekarar sittin da shida, wani kamfanin neman ruwa da ke yawo da injiniyoyi arewacin Adar ya nemi matuƙi. Almustafa ya ajiye kaki ya karɓa.

Sarjan ya ji labarin ya ƙi cin tuwo. Wai shi soja ya ba 'yarsa, bai ba direban 'yan kasuwa ba. Sai ga Tanko, ɗan wan Sarjan, akawu a ofishin kwamanda, wanda tun Sauda na ƙarama yake lissafin tasa ce. Ya riƙa zuwa kowace Juma'a da goro da magana ƙasa-ƙasa, wai ai ba barin soja Almustafa ya yi ba, koro shi aka yi, kuma jirgin ma goge shi kawai yake yi.

Maganar ta koma kunnen Almustafa, zuciya ta ɗebe shi. A soja an saba masa duk inda ya ga fili nasa ne, ba a tambayar kowa. Ran Talata da hantsi, yana kan hanyar ɗauko injiniyoyi, ya karkato Bambeye don surukinsa ya gan shi da idonsa. Ya hango fili mai faɗi a ƙofar gida, shararre tas, ya sauko a kai.

Masussuka ce.

Geron da mata suka yini biyu suna sheƙewa ya tashi sama ya bi gari. Jinkar rumbu biyu ta yi fiffike. Jakuna suka tsinke, mata suka suri 'ya'ya suka ranta a na kare, liman ya faɗa ɗakin da ba nasa ba. Sarjan Ciɗo kaɗai ya tsaya, iska ta warware masa rawani ta rataye shi a kan aduwa, ya tsaya kai ba komai a gaban talakawan unguwarsa. Almustafa ya leƙo yana murmushi, ya ga abin da ya aikata, kunya ta hana shi fitowa. Ya tashi ya ƙara watsa abin da ya rage.

Sauda tana hutun makaranta a gida, da ita aka tsince geron daga rairayi.

Washegarin zaman akwati ta yafa mayafi ta hau kamyon, babbar motar 'yan kasuwa, zuwa Tawa, Gwaggo tana binta da cewa budurwa ba ta bin saurayi wurin aikinsa. Ta ce to yau an fara.

Ta same shi a filin jirgi, a inuwar ungulun nasa da aka ɗaure wa fikafikai da igiya. Shugaban kamfanin ya hana shi tashi mako biyu. Ya gaya masa nan ba bariki ba ne, ba a sauka a ƙasar mutum sai an nemi izinin mai ita, kuma in ya ƙara, ya nemi wani aikin. Almustafa ya yi zuru-zuru, da takarda a cinya yana rubutu. Da ya gan ta ya miƙe har alƙalamin ya faɗi.

"Malamata..."

"Kak ka malamata ni. Mi kaka rubutu?"

Ya miƙa mata. Roƙo ne a mayar da shi soja. Ya ce ya yi tunani, kaki Baba yake so, to zai mayar da kakin, ya koma biro, in dai ba za a raba su ba. Ya faɗa da murya mai taushi, yana jiran ta ji daɗi.

Ba ta ji ba. Ta tuna yadda yake zuwa daga Yamai da ido a mace, da yadda ya dawo mutum ranar da ya sake riƙe jirgi.

"In ka maida kaki don Baba, sai ka auri Baba," ta ce. "Ni ba ni zama da gawa mai galan."

"To mi kika so in yi, Sauda? Girmama shi niz zo yi."

"Ta bisa kainai? Wa kat taɓa gani ya shiga gidan surukai ba sallama, balle ta sama? Can bisa kai as sarki, ban hana ka ba. Amma ƙasa da masu ita."

Ya ninke takardar. Tausayi ya taso mata, ta danne shi da ƙyar. Ta ce masa ita ta tsaya wa mahaifinta a gaban gida duka, abin da ba a taɓa yi ba, saura shi ya zo ya durƙusa, abin da shi ma bai taɓa yi ba. Kuma ya zo a matsayin abin da yake yanzu, matuƙin kamfani, kada ya aro rigar kowa. Lahadi ce iyaka.

Har ta juya, sai ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Ina son ka, ɗan Tawa... shi as sa nika maka hwaɗa."

Asabar da sassafe ya iso Bambeye da ƙafa, shi da wani dattijo kawunsa, da jaki ɗauke da shuci da igiya. Tun daga bakin gari ya tuɓe takalma. Ya yi sallama sau uku a ƙofar zaure, Sarjan yana ciki yana ji, ya ƙi amsawa. Kawun ya sami inuwa ya zauna. Almustafa bai jira a ce masa ba, ya nufi rumbunan.

Abin dariya abin tausayi. Hannun da ke juya jirgi a sama ya kasa ɗaure shuci. Ya ɗaura ya zame, ya sake ya karkace, matan da ya watsa wa gero suka kewaye shi suna yi masa gyara da tsiya, wata tsohuwa har tana cewa a kawo masa jirgin ya taya shi. Ya haɗiye duka. Sauda tana leƙe ta ramin darni, kowane saran rana a kansa a jikinta take ji, amma ko ruwa ba ta aika ba, don ta san mahaifinta yana kallo.

Sai bayan la'asar aka kira shi zaure. Ta lallaɓa bayan bango ta kasa kunne. Tanko yana ciki, ya zo ganin ƙarshen wasa.

Almustafa ya durƙusa ya ba da haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce ya shiga ba sallama, ya ɓata abincin mutane, ya tozarta babba. Tanko ya yi gyaran murya ya ce ai korarre dama ba ya rasa ɓarna. Kawun ya ciro littafin sallamar soja na Almustafa ya ajiye a tabarma. Sarjan bai iya karatu ba, amma ya jawo nasa tsohon littafin daga aljihu, ya jera su, ya daɗe yana duba hatimin. Iri ɗaya ne, na wanda ya fita da mutuncinsa. Ya ɗago ya dubi Tanko, kallo ɗaya, Tanko ya tuna yana da aiki a Tawa.

"To ba a kore ka ba," in ji tsohon. "Shi ya hi muni. Da hankalinka kat tuɓe kaki. Don mi?"

Almustafa ya ɗago kai.

"Baba, shekara huɗu ina sauka garuruwan mutane da sojoji cikin jirgi. Duk inda nis sauka, gudu aka yi. Mata da goyo, tsohi da sanda... ban taɓa ganin huskar kowa ba, sai baya. Da anka ce ga aikin neman ruwa, nic ce ko Allah ya sa in sauka wuri guda a taho gare ni. Niz zo garinku ina murna. Nid duba ƙasa, sai baya nig gani."

Sauda ta toshe baki da mayafi. Shekara biyu suna tare bai taɓa gaya mata wannan ba.

Sarjan Ciɗo ya san irin garuruwan, shi ma ya shige su da bindiga. Bai ce ya yafe ba, ba halinsa ba ne. Ya dai tambaya ko gaskiya ne kamfanin nasu yana iya gane inda ruwa yake, don matan Bambeye sun gaji da igiya gaba talatin. Almustafa ya ce Bambeye tana cikin jerin garuruwan da za a duba, sai dai ba ya sauka sai an ba shi izini.

"To tambaya."

"Baba, ina neman izini."

"Akwai hwaƙo gabas ga gari, nawa ne. Can za ka sauka, ba bisa hatsin mutane ba." Ya miƙe yana dafa bango. "Jinkar da kaɗ ɗaura kuwa, ko kaza ba ta kwana ƙarƙashinta. A bar akwatin inda shike."

Aka sa ɗaurin aure bayan wata ɗaya. Ranar da kamfanin ya tsayar don duba Bambeye ta faɗo saura kwana biyu, amarya tana cikin lalle, an rufe ta a ɗaki da ƙawaye. Tun da safe Sarjan ya sa aka zagaye faƙon da toka, gari duka ya fita kallo.

Sauda ta ji ƙarar tun daga nesa. Ta ji kuma wata ƙarar da ta fi tsorata ta, ta ƙafafu, mutane sun fara ja da baya. Ta san abin da zai gani in ya duba ƙasa.

Ta warware ganyen da aka naɗe mata ƙafa ta miƙe. Gwaggo ta tare ƙofa tana cewa amarya ba ta fita, abin kunya ne har jikoki.

"Su ji kunyar, Gwaggo. Ba ni hanya."

Ta ratsa gari ba takalmi, lalle yana zuba, ta kutsa cikin masu gudowa tana tafiya inda suke baro. Ta wuce mahaifinta da ke tsaye shi kaɗai a kan ƙafarsa mai ciwo. Ta je daidai bakin tokar ta tsaya, iska tana fizgar mayafinta, tsakuwa tana dukan ƙwaurinta, ta ɗaga fuska sama yadda zai gan ta da kyau.

Masu gudu suka waiwayo suka ga amarya da gurgun tsoho a tsaye. Kunya ta kama su. Ɗaya bayan ɗaya suka dawo, matan masussuka a gaba, har faƙon ya kewayu da fuskoki.

Jirgin ya dire, fikafikan suka lafa. Injiniyoyin suka fito, Almustafa bai fito ba. Ta gilashi ta hango shi riƙe da sandar tuƙi, yana kallon mutanen, hawaye yana bin gemunsa.

Ta taka ta tsallake tokar, ta ƙwanƙwasa gilashin da yatsa mai lalle.

"Sauko, ɗan Tawa," ta ce. "Mun taho."