Barka da Uwar Maƙwabciyarka

"Yau za ki faɗa musu, Wietske, ko ba yau ba?"

Sjoerd ya tsaya da kujera a hannu yana kallona. Tun safe yake jera kujeru a da'ira a falona saboda bikin cikar Mama shekara sittin. Shi ya gasa kek ɗin tuffa, shi ya yanka cuku.

"Zan faɗa, masoyina… ka bari a sha kofi tukuna."

"Shekara biyu ana shan kofin nan! Ni na gaji da ɓuya."

Gaskiyarsa ce, ni ce matsoraciya. Sjoerd ya taɓa aure ya rabu da matarsa, Mama kuwa 'yar coci ce ta gaske, a wurinta mai saki ba miji ba ne. Ina sonsa kamar raina, ina kuma tsoron idonta.

Ƙarfe biyu baƙi suka fara shigowa. Kamar yadda al'adarmu take, duk wanda ya zo sai ya zagaye da'irar yana ba kowa hannu, yana taya shi murna da mai bikin. "Barka da mahaifiyarki." "Barka da yayarka." Kowa da matsayinsa.

Sai ga Gwaggo Geertje, ƙanwar Babana, wadda bakinta ba ya da birki. Ta zagayo har kan Sjoerd, ta miƙa hannu, ta tsaya.

"To kai kuma, dogo, da wa zan taya ka murna? Me kake a gidan nan?"

Sjoerd ya juyo yana kallona, har da ɗan murmushinsa. Mama ma ta ajiye kofinta.

"Maƙwabcina ne," na ji bakina ya faɗa. "Ya zo taya ni aiki."

"Ah to! Barka da uwar maƙwabciyarka!"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi. Ya raba kek yanka ɗai-ɗai, ya zuba wa Mama kofi sau biyu, ya saurari labarin ciwon gwiwarta har ƙarshe. Ni kuwa ina zaune ina jin ƙyamar kaina.

Ƙarfe biyar ya miƙe ya bi da'irar yana sallama. Da ya iso kaina, hannu ya miƙo mini.

"Sjoerd, don Allah…" na faɗa can ƙasa.

"Sai wata rana, maƙwabciya."

Wani abu mai sanyi ya bari a tafina. Makullin gidana ne.

Ƙofa na rufuwa Mama ta matso ta dafa gwiwata.

"Kai, yaron nan akwai hankali! Ke da ba kya gani, Wietske. Da irinsa kika kawo mini, ai da na huta."