Bututun da Ya Kusa Raba Su

Ranar Lahadi ce, ƙamshin miyar yakuwa ya cika gidan Alhaji Sali da ke hawa na huɗu a Bron, gefen birnin Lyon na Faransa. Hajiya Kadidiatou tana madafa tana fama da tukwane, 'yarta Fadimatou kuwa ta canja mayafi har sau uku a gaban madubi.

"Ke! Wai yau aka fara ganin Yahuza ne? Zo ki yanka mini albasa."

"Haba Inna, albasa kuma? Idona zai yi ja fa, c'est pas possible, ba zai yiwu ba!"

"To ya gan ki da jan ido tun yanzu, ya san abin da zai ɗauka."

Yahuza ɗan Damagaram ne, injiniya a wani kamfanin haƙar iskar gas a Paris. A unguwar Château Rouge ta Paris suka haɗu, a shagon atamfa, ita tana zaɓen ankon bikin ƙawarta, shi yana neman zanen da zai aika wa mahaifiyarsa ya rasa wanda zai ɗauka. Ta zaɓa masa. Shekara biyu ke nan, an riga an sa rana bayan babbar salla.

Alhaji Sali mutumin Garoua ne. Shekara ashirin da shida yana tsaye a shagon nama a Lyon, kuma duk wahalar nan abu guda ya sa a gaba: masaukin baƙi mai ɗaki goma da ya gina a Mabela, wani ƙauyen masunta a gaɓar tekun Kamaru, inda ƙanensa Mamadu ya zauna tun yana saurayi. Saboda masaukin ne ma Fadimatou ta karanci harkar yawon buɗe ido. Burin Alhaji ya ajiye wuƙa, ya koma can ya tsufa yana jin ƙarar ruwa.

Yahuza ya iso da azahar, ya durƙusa ya gaida iyaye, aka yi salla, aka zauna cin abinci. Ba a kai rabin kwano ba wayar Alhaji ta yi ƙara. Mamadu ne, kuma muryarsa har ta fito waje.

"Yaya, akwai magana! Wasu mutane sun zo da na'urorin awo, sun kakkafa turaku tun daga bakin ruwa har bayan masaukinmu. Wai an samu gas a cikin teku, a nan bututun zai fito. Za su kewaye rairayin duka da waya, su gina wurin tacewa."

"Inna lillahi! Wane kamfani ne?"

Mamadu ya faɗi sunan. Cokali ya tsaya a hannun Fadimatou. Alhaji ya ajiye wayar a hankali, ya juya.

"Yahuza, ba nan kake aiki ba?"

"Nan ne, Baba."

"Ka san da wannan magana?"

Yahuza ya sunkuyar da kai. "Ina cikin masu aikin. Wata guda ke nan da na gane Mabela ce."

"Wata guda! Sau nawa ka zauna a tabarmar nan cikin watan? Ka ci, ka sha, ina ba ka labarin ɗakunan da na shafa wa fenti, kai kuwa ka san za a binne su?"

"Alhaji, bi a hankali," in ji Hajiya.

"Bari, Hajiya. To ji nan, yaro. Abin da ya wuce ya wuce. Ka kawo mini taswirar da kuka zana da takardun da ke biye da ita. Mu kai wa lauya tun kafin hukuma ta sa hannu."

"Baba, ka gafarce ni. Ba zan iya ba. Na yi alkawarin riƙe sirrin aikin, amana ce a wuyana. Kuma ba ɓarna ce zalla ba, mutanen yankin suna bukatar wuta, matasa suna bukatar aiki..."

"Au, wa'azi ma za ka yi mini a gidana?" Alhaji ya miƙe. "Wanda ya fifita kamfanin Turawa a kan gumin surukinsa, ban ga 'yar da zan ba shi ba. An ɗaga bikin. Kada ka ƙara kiran 'yata, kada ka ƙara tako mini gida!"

Yahuza ya tashi, ya yi sallama, ya sa takalminsa. Fadimatou ta bi shi zuwa bakin matakala, hawaye ya jiƙa mayafin da ta ɓata safiya tana zaɓe.

"Yaya Yahuza, don Allah! Takarda ɗaya ce fa. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Fadi. Allah ma ya sani."

"To ni fa? Ban kai takarda ba?"

"Kin fi ta nesa ba kusa ba. Amma idan na ci amanar waɗanda suka yarda da ni yau, ke da kanki gobe za ki riƙa tambayar zuciyarki yaushe zan ci taki. Abu ɗaya zan iya faɗa miki, don ba sirri ba ne: dole kamfani ya buga bincikensa kowa ya gani kafin a ba shi izini. Idan ya fito, ki karanta. Duka, kin ji? Kada ki tsallake ko shafi ɗaya."

"Voilà! In karanta. Shi ke nan abin da za ka ce?"

Yahuza ya juya. Ya sauka, ta tsaya tana jin takunsa har ya ɓace.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa gidan nauyi. Fadimatou ta daina cin abincin kirki. Sau da yawa takan ɗauki waya ta nemo lambarsa, sai ta tuna maganar mahaifinta ta ajiye. Shi ma bai kira ba, ko sau ɗaya, abin da ya ƙara ƙona mata rai ke nan.

"Inna, ko saƙo ɗaya! Ashe dama bai damu ba."

"Da ya kira, da kin ce me? Ubanki ya ce kada ya kira, bai kira ba. Yaron da ke jin maganar uban da ya kore shi, ki yi masa kyakkyawan zato. Share hawayenki. Kuka ba zai tumɓuke turakun nan ba, ke da kika yi karatun abin, tashi ki yi wani abu."

Maganar ta shige ta. Ta fara kiran Kawu Mamadu kowane mako. Ta sa ya bi masunta da masu ƙananan masaukai da mata masu gasa kifi a bakin ruwa, kowa ya faɗi yadda rairayin ke ciyar da gidansa, tana rubutawa. A nan ta ji abin da ba ta zata ba.

"'Yata, kada in ɓoye miki," in ji Kawu Mamadu, "rabin gari suna son gas ɗin nan. Baƙi wata huɗu suke zuwa a shekara, sauran watannin matasa zaman banza suke. Wuta kuwa sai ta yi kwana uku ba ta zo ba, kifi yana ruɓewa. Idan muka ce a kori kamfanin gaba ɗaya, maƙwabtanmu ne za su fara jifan mu."

Da ta gaya wa Alhaji, ya yi tsaki kawai.

Sai da aka yi wata bakwai binciken ya fito, shafi ɗari shida da 'yan kai, da Faransanci mai tauri. Fadimatou ta tare a ɗakin karatu na jami'a, tun safe har la'asar, kwana biyar. Babu abin da take gani sai hanyar bututu ta rairayin Mabela, ana ta yabon sauƙinta. Ta kusa rufewa. Sai ta tuna ya ce kada ta tsallake shafi, ta shiga rataye na ƙarshe, wanda aka buga da ƙananan haruffa.

A can ta ga wata taswira dabam. Hanya ta biyu: bututun ya fito a tsohuwar tashar katako da aka daina amfani da ita, kilomita goma sha huɗu arewa da ƙauyen, inda babu gida babu masauki. A ƙasa akwai bayanin injiniya, cewa hanyar ta fi tsawo kuma ta fi wahala, amma ita ce ba za ta raba mutanen Mabela da abincinsu ba, kuma shi ba zai sa hannu a kan ta farko ba. Sunan mai bayanin: Yahuza Salifou. Ta duba kwanan wata. Mako biyu kafin ranar Lahadin nan.

Ba ta san lokacin da ta ce "Allahu Akbar!" da ƙarfi ba, har ɗalibai suka waiwayo. A cikin tram, jirgin cikin gari, tana kuka tana dariya, wata tsohuwa Bafaranshiya ta miƙa mata hankici.

Ta tarar da Alhaji ya dawo daga shago. Ta durƙusa, ta ajiye takardar a gabansa, ta karanta masa tana fassarawa.

"Sake karanta kwanan watan," in ji shi.

Ta sake.

"Wato ranar da na kore shi, ya riga ya rubuta wannan?"

"Ya riga, Baba."

Alhaji ya cire hularsa, ya riƙe ta a hannu. "Ya zauna yana kallona ina zaginsa, da amsar a bakinsa, bai faɗa ba. Hajiya! Fito mini da babbar rigata. Gobe Paris zan tafi."

"Alhaji, kai da kanka? Ka aika a kira shi mana."

"Ni na kore shi, ni zan je."

Jirgin ƙasa na safe ya kai shi Paris, ya shiga metro na ƙarƙashin ƙasa har Montreuil, unguwar da Yahuza yake zaune, yana tambaya. Wanda ya buɗe ƙofa Pascal ne, ɗan Chadi, abokin zaman Yahuza.

"Sannu da zuwa, Baba. Ya je masallaci, yanzu zai dawo. Ai na gane ka, hoton iyalinka yana ɗakinsa."

"Yana lafiya? Aiki fa?"

Pascal ya girgiza kai. "Bai gaya muku ba? Tun da ya ƙi sa hannu aka cire shi daga aikin teku. Sun mayar da shi wani biro, ɗan ofis a ƙasan bene, yana jera tsofaffin takardu. Sun so su cire bayaninsa daga binciken, ya ce in suka cire zai gaya wa hukuma bincike bai cika ba. Na ce masa, mon frère, ɗan'uwana, kira yarinyar nan ka faɗa mata mana! Ya ce Baba ya hana."

Ana haka Yahuza ya shigo. Ya rame. Da ya ga Alhaji sai ya zube ƙasa zai gaishe shi, Alhaji ya riƙo kafaɗarsa.

"Tashi, ɗana. Yau ni ne mai durƙuso. Na nemi ka yi sata don ni, ka ƙi, na kira ka maci amana. Ka yafe mini."

"Subhanallahi, Baba! Ba ka yi mini komai ba. Guminka ne, kowa zai ji zafi. Kuma har yanzu ba a yanke hukunci ba, mai yiwuwa hukuma ta zaɓi hanyar farko."

"Su zaɓa. Ko sun kwashe rairayin da shebur, kai ne mijin Fadimatou. Ɗauki wayarka ka kira ta, na san tun asuba tana riƙe da tata."

Ƙara ɗaya ta ɗauka.

"Fadi, kin karanta?"

"Duka! Har ƙananan haruffan. Yaya Yahuza, kai mugu ne wallahi, wata bakwai!" Sai kuka ya ci ƙarfinta.

An ɗaura aure a Lyon cikin bazarar 2012, tun ba a san makomar Mabela ba. Bayan biki da mako uku Fadimatou ta tafi Kamaru tare da mahaifinta wurin taron jin ra'ayin jama'a. Ba ta ce a kori kamfani ba. Ta tashi da bayanan masunta a hannu ɗaya, taswira ta biyu a ɗaya hannun, ta ce a haƙa gas, amma a bi ta tashar katako. Matasan da suka zo da shirin yi mata ihu su suka fara tafa mata.

Sai da aka ƙara shekara guda ana ja-in-ja kafin hukuma ta amince da hanya ta biyu. Ba komai ne ya dawo yadda yake ba. Daga barandar masaukin ana hango dandamalin haƙar can nesa a kan ruwa, kuma wasu baƙin da suka saba zuwa sun daina. Amma rairayin yana nan babu waya, wuta ta zauna, mata sun sayi firji, matasa da dama sun samu aiki. Yahuza bai koma tsohon matsayinsa ba. Daga baya wani ofishi mai duba lafiyar irin waɗannan ayyuka ya ɗauke shi a Lyon, suka ce mutumin da ya iya cewa a'a suke nema.

Ranar da Alhaji Sali zai bar Faransa ya koma Mabela, abokansa na kasuwa suka taru yi masa ban kwana. Ya kamo hannun surukinsa a gabansu.

"Ku ji, 'yan'uwa. Na gode wa Allah da bai biya mini bukatata ranar da na yi fushi ba. Da yaron nan ya ba ni takardar, da lauyoyinsu sun kama mu da kayan sata, da na rasa masauki na rasa suruki. Idan za ku ba da 'ya, ku ba wanda ya iya hana ku abin da ba naku ba."

Fadimatou tana gefe da jaririyarta a baya, ta dubi mijinta, shi kuwa kunya ta sa ya rasa inda zai sa idonsa.

Haka Allah ya saka wa masu haƙuri. 'Yan mata da samari, ku riƙe wannan: mai riƙe amanar wani shi zai riƙe taku, kuma kafin ku yanke wa masoyi hukunci a kan shirunsa, ku bari gaskiya ta gama fitowa. Alhamdu lillahi.