Zinariya da Mai Fitila

Ranar da suka fara haɗuwa, saura ƙiris ya shanye mata aikin wata shida. Ta ajiye 'yar kwalba mai jan ruwa a teburinsa, ta juya neman safar hannu, sai ta ga ya kai ta baki.

"Malam, ajiye! Zinariya ce."

Ya ɗaga ƙaton tabaransa. "Zinariya ja? Na ɗauka lemo aka kawo min."

Shi ke kula da fitilar lesa, mai harba siririn haske mai ƙarfi, a ɗakin binciken, kowa Mai Fitila yake ce masa. Ita kuwa haɗa ƙwayoyin zinariya take yi, ƙanana har ido ba ya ganinsu. Ta yi masa bayani tana hararsa: za su shige cikin ƙarin ciwon daji, idan aka haska su sai su yi zafi su ƙone ciwon, naman da ke gefe bai sani ba.

"Kenan ba ni, ba aikinki," ya ce.

"Fitilar nake buƙata, ba kai ba."

Kafin wata uku ya raɗa mata suna Zinariya, har da kwalliya take zuwa aiki.

Babanta dai ɗan maƙwabcinsu mai kantin magani yake so ta aura, yaron da ke auna masa hawan jini kullum yana yaba lafiyarsa. Wata safiya ta bar wayarta a caji, saƙo ya shigo a gaban Baba:

"Zinariyata, jiya mun kashe rabinsu. Yau idan na ƙara wuta babu wanda zai tsira. Ki taho da sauran gwal ɗin, kada ki faɗa wa kowa tukuna."

Baba ya kulle ƙofa ya jefa mabuɗi a aljihu. "Ɗan fashi kika samo min? Har da gwal ɗin mutane?"

"Baba, a faranti suke."

"A faranti kuma? Inna lillahi."

Mama ce ta raba gardama. "Malam, gani ya kori ji. Bi ta ka duba."

Haka Baba ya shiga ɗakin binciken riƙe da sanda. Mai Fitila ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya sanya masa tabarau ya zaunar da shi gaban kwamfuta. Wasu dunƙule-dunƙule suka cika allon.

"Su waye waɗannan?"

"Ƙwayoyin ciwon daji ne, Baba. A faranti muke gwaji, ba mu kai kan mutane ba tukuna."

Baba ya ƙura wa allon ido. Ya juya wajen 'yarsa. "Irin wanda ya ɗauke Goggonki?"

"Irinsa ne."

Ya jingine sandar a bango, ya gyara zama. "Yaro, ƙara wutar."

Har azahar yana nan yana kallo, sai da aka roƙe shi ya tashi.

Ranar ɗaurin aurenta da Mai Fitila, mai kantin magani ya fi kowa cika faranti. Baba ya dafa kan ango da amarya ya ce, "Allah ya sa albarka a aikinku da gidanku, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai."

Hawaye ya zubo masa. Mama ta miƙa masa gefen mayafinta. "Share, Malam, ba wanda ya gani sai duk unguwa."