Kumkwat a Tagar Maƙwabci

Da tukunya a rungume Auta ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tasu a saman bene. Bishiyar da ke ciki ko ƙugunta ba ta kai ba, ganyenta duk ya yanƙwane yana zuba. Kumkwat ce, irin ƙananan lemon nan da ake ci har da ɓawo. Wata majinyaciya ce ta ba ta kyauta a asibitin da take aikin jinya, amma tagogin gidansu bango suke kallo, rana ba ta ko leƙowa.

Wani saurayi ya buɗe, dogo, zabiya, da tabarau mai kauri.

"Sannu. Aron rana na zo yi," ta ce. "Na ga tagarku ce ke samunta tun da safe."

Ya yi dariya. "Kin zo wurin wanda ya fi kowa gudunta. Ni labulen nan ban ma san yana buɗuwa ba."

Daga ciki kakarsa ta ɗaga murya. "Maigida, ka bar baƙuwa tsaye a ƙofa? Shigo, jikata."

Gyaran sauti yake yi a kwamfuta daga gida. A ranar ya ja teburinsa zuwa lungun da rana ba ta kaiwa, ya yaye labulen, ya ba bishiyar tagar gaba ɗaya. Kullum idan Auta ta taso aiki sai ta biyo, ta nutsa yatsa a ƙasar, in ta bushe ta zuba ruwa, ta juya tukunyar don kowane gefe ya sha haske. Ƙananan ƙwari suka manne wa ganyen, suka zauna suna gogewa da ruwan sabulu, Kaka tana kallonsu tana gyaran murya.

Wata safiya tana tsaka da aiki saƙonsa ya shigo: "Uwar Lemo, 'yarki ta yi fure. Ɗakin duk ƙamshi. Kaka ta ce turare na saya don ke."

Ta amsa: "Mai Taga, kar ka taɓa min ita. Babu ƙudan zuma a ɗaki, ni zan zo da burushi in haɗa furannin."

"In dai za ki zo, ko da tsintsiya ne."

Ta daɗe tana kallon wayar tana murmushi.

Mama kuwa ta riga ta ɗora ido kan ɗan ƙawarta, wani injiniya mai yawan kawo gaisuwa. Ranar da Auta ta faɗa mata gaskiya cewa maƙwabcinsu take so, a bakin ƙofa suke, Mama ba ta ko rage murya ba.

"Zabiya? Duk mazan duniya? Mutumin da ko a rana ba zai iya rako ki ba? Kin yi tunanin 'ya'yan da za ki haifa?"

Washegari Auta ta tarar da tukunyar a ƙofarsu, ga 'ya'ya kore-kore sun fara fitowa. Saƙo ya biyo baya: "Na ji komai. Ba zan shiga tsakaninki da Mama ba. Ki yafe min."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta sunkuci tukunyar, ta daki ƙofarsa da ƙafa.

"Wa ya ba ka izinin yanke min hukunci?"

"Auta, na saba jin irin wannan tun ina yaro..."

"To ni ban saba ba, kuma ba zan saba ba. Ka taɓa ji na ce maka tausayinka nake? Matsa, nauyi gare ta."

Ya matsa. Ta dire ta a tagar, ta juyo idonta ya ciko. "In ba ka sona, faɗa min yanzu."

"Wallahi ina sonki," ya ce.

"To ka turo manyanka."

Da yamma ta durƙusa gaban iyayenta. "Mama, ba zan gudu ba, ba zan yi miki rashin kunya ba. Amma injiniyan nan ba zan aure shi ba, na riga na faɗa masa. In kin san wani aibu a halin maƙwabcin namu, ki faɗa, zan bar shi yau. In fatarsa ce, Wanda ya yi ni Shi ya yi shi. 'Ya'ya kuma duk yadda suka zo, nawa ne."

Mama ta tashi ta shige ɗaki. Ta yi makonni ba ta amsa gaisuwar Auta, ita kuwa kullum sai ta durƙusa ta gaishe ta. Baba ya yi nasa binciken a unguwa, ya kira saurayin suka zauna doguwar hira. Da ya dawo ya ce wa Mama, "Na nemi abin da zan riƙe in hana, ban samu ba." Ta ce su je su yi, ita dai babu ruwanta.

Ranar biki gida ya cika. Wata gwaggo ta matso kusa da Mama, tana magana yadda amarya za ta ji. "Ke kuwa da ranki kika bari? Allah dai Ya sa jikokin kar su ɗauko..."

Auta ta ɗaga mayafi za ta yi magana, sai Mama ta riga ta.

"Su ɗauko mana! Ni zan goya, ba ke ba. Surukina ne, duk mai magana ya same ni."

Mama ta juyo ta kama hannun Auta, ta riƙe gam.

"Taurin kan nan a wurina kika gado shi. Je ki, Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Daga can baya Kaka ta ce amin da ƙarfi, har sai da kowa ya juya.