Gayyar da Ramalan Bai Kai Ba

"Bara ma haka ka ce, Yaya Ramalan!"

Barira ce ta faɗi haka, tana tsaye a gindin ɗorawar da ke bayan gidansu a Nariya, ta ba shi baya. La'asar ta yi sanyi, hadari yana haɗowa daga gabas.

"Juyo mana ki dube ni, hasken idona..."

"In dube ka in ga me? Jiya ka sauka, jibi ka ce za ka koma. Wannan zuwa ne ko leƙe?"

"Wallahi ba da son raina ba ne. Tsarin karatun ne haka. Dogon hutun nan ba hutu ba ne a wurina, gidan rediyo zan tafi koyon aiki. In ban yi ba, babu digiri."

"To gayyar fa?"

Ramalan ya sunkuyar da kai. Mutumin da ake koya wa magana a jami'a, ga shi tambaya ɗaya ta ɗaure masa baki.

Ramalan ɗan Rurum ne ta ƙasar Rano. Shekara biyu bayan an sami 'yancin kai ya tafi wata jami'a can Kudu karatun aikin jarida, abin da ba wanda ya taɓa yi a garinsu. Kafin ya tafi an yi masa baiko da Barira, aka tsayar da magana sai ya gama shekara ukunsa. Ba wanda ya haɗa su, su suka ga juna a kasuwar Kibiya, ita tana tallan nono, shi kuma ya sha ƙwarya biyu ba don yunwa ba.

Mahaifinta Malam Manu Bafulatani ne da ciwo ya ƙarar masa da shanu, ya zauna ya rungumi noma. 'Ya'yansa duk mata ne, idonsa kuma ya fara yana. A wajensu, duk saurayin da aka yi wa baiko, da damina sai ya tara abokansa da makaɗi ya kai gayya gonar surukinsa, shi a kan gaba da garmarsa. Kuma uba ba ya karɓar gayyar samari biyu. Wanda ka bari ya shiga gonarka da ganga, ka ba shi 'yarka ke nan a idon gari.

Bara Ramalan ya aiko abokansa, shi yana Kudu. Gayyar da babu mai ita kuwa an san yadda take ƙarewa. Suka zo rana ta take, suka sha fura, suka ɗan sosa ƙasa suka watse. Ciyawa ta cinye rabin dawar.

"Kin san da ina da iko..." ya fara.

Sai ta juyo ta miƙa masa tafukan hannunta. Duk kanta ce, wani wurin ma ya fashe.

Ya matso yana duban hannun. "Barira! Me ya same ki?"

"Fartanya ce ta same ni. Ni da ƙannena muke fita da sassafe kafin mutane su gan mu. Ran da Baffa ya laluba hannuna ya gane, kwana ya yi bai ci tuwo ba." Ta janye hannunta. "Mutum uku suka zo neman su kawo gayya bana. Duk ya ce a'a, gonar tana da mai ita. Kai yake jira, Yaya Ramalan... kai!"

"Damina ɗaya ta rage, rabin raina. Ɗaya tak."

"Ciki ba ya jiran damina. Wai shin wa ya tsara maka karatun nan da ba ya barin mutum ya ga gida?"

"Malam Shitu."

"Ya san da ni?"

Nan ma shiru ya yi, domin a nan gizo yake saƙar.

Malam Shitu shi ne malamin da aka ɗora wa aikin zama da kowane sabon ɗalibi a sashensu, ya tsara masa darussan da zai ɗauka tun daga zangon farko har na ƙarshe. Mutumin Ilori ne, amma a Fagge ya tashi, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ran da Ramalan ya fara shiga ofishinsa, tsugunawa ya yi a bakin ƙofa sai da aka tilasta masa hawa kujera.

"Hanya biyu ce a gabanka, ɗana," in ji Malam Shitu. "Akwai ta rubutu, wato jarida, akwai ta murya, wato rediyo. Na ji muryarka, Allah ya ba ka. Amma ka sani, wanda ya bi rediyo dogon hutu biyu ba nasa ba ne, a gidan rediyon nan na birni zai yi su. Kafin in rubuta, gaya mini: akwai abin da zai ɗaure ka a gida da damina? Gona, ko iyali, ko wata magana?"

Sunan Barira ya zo har kan harshensa. Sai ya ɗaga ido ya ga furfurar Malam, irin ta mahaifinsa marigayi sak. A Rurum yaro bai isa ya buɗe baki gaban sa'an ubansa ya ce yana da budurwa ba. Ko baikon ma da aka yi, kawunnansa suka yi magana, shi yana ɓoye a gidan aboki.

"Babu, Malam."

"Ka tabbata?"

"Babu komai, Malam."

Malam ya tsoma alƙalami ya rubuta. Kunya dai ado ce, kowa ya yarda, amma ranar nan adon ya yi wa Ramalan tsada.

"Ashe bai san da ni ba," in ji Barira a hankali, a nan gindin ɗorawar.

"Ki gane mana... yaya zan dubi dattijo kamar wannan in ce masa wai budurwa..."

"Ka koma ka gaya masa yanzu! Ai mutum ne, yana da 'ya'ya. Ko mako biyu ya ba ka, a yi noman farko."

"An riga an rubuta, Barira. In na je yanzu, sai ya ce da can ƙarya na yi masa."

"Au! Kunyarsa kake ji, ba ka jin ta Baffa?"

"Ba haka ba ne, masoyiyata..."

"Haka ne mana!" Hawaye suka zubo mata. "Ni na cire kunya na riƙe fartanya saboda kai. Kai ba za ka iya cire ta ka faɗi sunana ba?"

Ruwa ya fara yayyafi. Ta ja mayafinta ta shige gida, ta bar shi da kekensa a gindin ɗorawa.

A gida ya gaya wa mahaifiyarsa, Inna Laraba. Ita ma tana son Barira, amma tsoronta ya fi son yawa.

"Kai ɗan nan, kada ka je ka ɓata da malaminka. Kai kaɗai muka zuba wa ido, ni da ƙannenka. Manu mutum ne mai haƙuri. In an yi haƙuri da bara, a yi da bana."

Abin da yake son ji ke nan, don haka ya ji shi da kyau. Ya hau mota zuwa Kano, ya hau jirgin ƙasa, yana ta rarrashin kansa cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Ya yi aikinsa a gidan rediyo, kuma ya yi shi da kyau, har manya suna yaba muryarsa. Sau biyu Malam Shitu ya zo duba ɗalibansa, sau biyu Ramalan ya raka shi har bakin mota da niyyar magana.

"Akwai wata damuwa, ɗana?"

"Lafiya lau, Malam. A sauka lafiya."

Duk ran da aka yi ruwa sai ya tsaya a taga yana tunanin ciyawar da ke tashi a Nariya. Tunani kuwa bai taɓa nome gona ba.

Sai hutun ƙarshen shekara ya sake ganin gida, an riga an gama kaka. Ko kayansa bai kwance ba ya ɗauki keke. Da ya doso gidan Malam Manu ya hangi rumbu biyu cike har baki, an yi musu sabon jinka. Maimakon ya yi murna, sai ya tsayar da keken yana kallonsu.

Barira ta fito ta same shi a zaure. Ta rame, amma idonta a bushe yake.

"Sannu da zuwa, Malam Ramalan."

Malam. Ba Yaya ba.

"Wa ya nome gonar, Barira?"

"Ishiyaku, ɗan maƙwabcinmu."

"Da ganga?"

"Da ganga."

Ya dafa bango. "Baffa ya karɓa? Bayan alkawarin da..."

"Kada ka ga laifin Baffa!" ta katse shi. "Har ya kwanta ciwo yana cewa a jira ka. Dawa ta yi ja, ciyawa ta kai gwiwa, ƙannena suna kuka da bororo a hannu. Ni na durƙusa gabansa na ce ya karɓa. Sau uku yana tambayata ko na san abin da nake faɗa. Na ce na sani."

"Kina son sa?"

"Mutumin kirki ne."

"Ba ita na tambaye ki ba!"

Sai a nan idon nata ya kawo ruwa. "Ka san wanda nake so. Duk Nariya an sani. Amma so bai hana Baffa kwana da yunwa ba... Na jira ka har aka yi maimai, noma na biyu, a gonakin mutane. Kullum in na ji ƙarar keke sai in fito."

"Wata shida suka rage mini, Barira. Wata shida! Ki ce a mayar masa da wahalarsa, ni zan..."

"A mayar da me? Gumin da mutum talatin suka zuba gari yana kallo? So kake a ce Baffa ya ci amana sau biyu?" Ta share fuska da bakin mayafi. "An mayar wa kawunnanka kayan baiko tun watan jiya. Innarka ce ta ce kada a aiko maka, kada karatunka ya rikice."

"Ki yafe mini..."

"Na yafe tuni. Abu ɗaya kawai nake so in sani. Ka gaya wa malamin naka?"

Bai iya ɗaga kai ba.

"Allah ya ba da sa'ar karatu," ta ce, ta shiga gida. Yana jin kukanta ta bayan danga, kuma ba shi da sauran ikon ya ce ta yi shiru.

Da aka koma makaranta, Malam Shitu ya kira 'yan shekarar ƙarshe ɗaya bayan ɗaya don a duba abin da ya rage wa kowa. Ya buɗe takardun Ramalan yana murmushi.

"Kai dai ba ka taɓa ba ni wahala ba. Darasi uku suka rage, koyon aiki ka gama duka biyun. Ɗalibi ke nan!" Sai ya cire tabarau ya dube shi sosai. "Amma me ya cinye ka haka? Rasuwa aka yi?"

Yanzu da faɗar ba ta da sauran amfani, sai bakin ya buɗe da kansa. Ya faɗi komai, har sunanta, har kantar hannunta. Malam Shitu ya saurara bai katse shi ba, fuskarsa tana canzawa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ramalan, ban tambaye ka ba? A kan kujerar nan ban tambaye ka ba?"

"Ka tambaya, Malam. Nauyi na ji."

"Nauyi..." Malam ya girgiza kai. "Ni ma da laifina. A Kano na tashi, na san 'babu' ɗin yaron Bahaushe gaban babba. Ya kamata in aika wani sa'anka ya tambaye ka a waje."

Ramalan ya ce, "Malam, da na faɗa... da akwai yadda za a yi?"

"Bar shi, ɗana. Abin da ya wuce ya wuce."

"Don Allah, Malam."

Dattijon ya ajiye tabaraunsa ya amsa.

"Wanda ya bi hanyar rubutu, a lardinsu yake koyon aiki. Ofishin watsa labarai na lardinku suna neman mai bin ƙauyuka da keke yana tattaro labarin manoma da damina. Shekara biyu suna roƙona in turo musu ɗalibi mai jin Hausa, ina ce musu wanda nake da shi ya zaɓi rediyo. Digirin ɗaya ne, ranar gamawa ɗaya."

"Wane yanki, Malam?" Muryarsa da ake yabo ta koma kamar ta mai zazzaɓi.

"Kudancin Kano. Rano da Kibiya."

Ramalan ya zame daga kujera ya tsuguna, ya kifa kai a gwiwa. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa, a gaban mutumin da ya ji kunyar faɗa wa suna ɗaya. Malam Shitu ya taso ya rufe ƙofa, ya dafa kafaɗarsa.

Ranar Juma'ar makon nan aka ɗaura auren Barira da Ishiyaku a Nariya. A daidai lokacin Ramalan yana aji, ana koya musu yadda ake yi wa mutum tambaya har ya faɗi abin da ke ransa.