Rakiya Zuwa Ɗakin Maza

Shekara biyu ke nan matarsa tana digiri na biyu a kan addini da hidimar jama'a, amma shi mijin, wanda kafinta ne, bai taɓa tambayarta abin da take bincike a kai ba. Ya san bai kyauta ba, kuma abin yana cin sa a rai. Abin da ya haddace kawai shi ne maganar malamin da ke duba bincikenta, wadda ta cika masa gida: "Dakta ya ce."

Wata yamma ya dawo daga shago da garin katako a gemu, ya tarar da ita tana guga.

"Ina kuma aka nufa?"

"Asibiti, gobe da safe. Dakta zai biyo ya ɗauke ni."

"Ya biyo ya ɗauke ki!" Ya jefar da jakar kayan aiki. "Malaminki ne ko direbanki? Shi ba shi da iyali?"

"Haba, Abban yara... Da jikokinmu?"

"Jikoki ba sa rufe wa namiji ido! Na ga irin mayafin da kike zaɓa in za ki gan shi. Ni kuwa koɗaɗɗen zane ya ishe ni kallo, ko?"

Ta ajiye dutsen gugar a hankali.

"Ka san abin da ke kai ni asibitin?"

Ya sunkuya ya ɗauki jakar da ya jefar.

"Bincikena a kan majinyatan da ba su da kowa ne, da mutanen da ke zuwa duba su don Allah kawai. Na gama da ɗakin mata. Ɗakin maza kuwa, tsofaffin nan ba sa sakin jiki da mace ita kaɗai, sai su juya wa bango fuska. Dole da namiji a gefena, ya gaishe su, ya riƙe rikoda."

"Shi ne duk duniya babu namiji sai shi?"

"Kai na fara roƙa..." in ji ta. "Kana goge ƙofar wani, ko ɗago kai ba ka yi ba. Na sake, ka ce sai wani makon. Ban zaɓi Dakta ba, mijina. Gurbinka ya cike."

Ta ɗauki wayarta. "Saura hira kaɗan in kammala. Amma in rakiyarsa ce ke ƙona maka zuciya, na ajiye karatun. Yanzu zan gaya masa."

Wani daɗi ya ratsa shi, na ƙiftawar ido, kuma wannan daɗin ne ya ba shi tsoro. Matar da ta jira har autarsu ta yi aure kafin ta koma aji, ga ta za ta zubar da komai, shi kuma ransa yana murna! A nan ya yarda da abin da ya daɗe yana ɓoye wa kansa: ba Dakta yake gudu ba. Gudun ya zauna kusa da ita a wurin da ta fi shi sani yake yi.

"Kira shi," in ji shi.

Ta dube shi, hawaye na zuba.

"Ki ce masa ya huta, rabin raina. An samu ɗan rakiya."

Da safe suka shiga ɗakin maza. Warin magani, fanka tana kuka, gadaje a jere. A na ƙarshe wani tsoho ya juya wa bango fuska. Kujerar gefensa ƙura ta hau ta, ƙafarta ɗaya tana girgiɗi. Kafinta ya share ta da tafin hannu, ya zauna.

"Sannu, Baba. Ya jiki?"

Tsohon ya juyo a hankali, ya ƙare masa kallo.

"Ina wancan mai tabarau?"

"Ya huta. Ni ne mijinta."

"Ashe akwai ka!"

Matar ta sunkuyar da kai, tana danne dariya a cikin mayafi. Kunya ta kama kafinta har wuya, amma bai tashi ba.

"Akwai ni, Baba. Na makara ne."

Ya juya gare ta, rikoda a hannunsa.

"Malama... wane maɓalli zan danna?"