Ginin Da Ba Shi Da Taga

"Ɗaga hannunka sama! Sama na ce!"

Kofin gahawa ya suɓuce daga hannun Tesfaye maigadi, ya tarwatse a ƙasa. Shi dai masu gyaran na'urar sanyi ya buɗe wa ƙofar sauke kaya, sai ga bakin bindiga a hancinsa. Mutum biyu, kowa da takunkumi. Ɗaya siriri mai rawar jiki, ɗaya ƙato, furfurar gemunsa ta leƙo ta ƙasan ƙyallen.

"Ɗan'uwa, ba da kai muke ba," in ji ƙaton. "Abu ɗaya zan ɗauka in fita."

"Kai tsoho, hira ka zo yi?" Siririn ya finciki wuyan rigar Tesfaye. "Fito da katinka! Wuce gaba, zaure na uku!"

Ranar Lahadi ce da rana tsaka, mutane na coci.

Ƙaton nan Lonnie Gaskins ne. Ni Purcell nake masa aski tun gashinsa na baƙi, kuma ko allura ban taɓa jin ya ɗauka ba. Mai zuba kankare ne. Da hannunsa ya zuba harsashin ginin nan na kamfanin Brackwell, a kan gonar kakansa da gunduma ta yi ta lafta wa haraji har dangi suka sayar. Yanzu duk arewacin Virginia haka ta koma, gine-gine masu launin toka, ba taga, ba mutane, sai na'urori masu riƙe wa duniya hotunanta da saƙonninta. Su sha wutarmu, su sha ruwanmu, su bar mu da gunji. Ko jana'iza ake yi sai fasto ya ɗaga murya.

Abin da ya sa Lonnie ɗaukar bindiga ɗansa ne, Tavon, shi kaɗai Allah ya ba shi. Faɗa ya haɗa Tavon da wani a gidan mai, ya hankaɗa shi, mutumin ya faɗi kansa ya bugi dakali, bai tashi ba. Tavon na tsare yana jiran shari'a.

A bayan gidan Dewitt aka ƙulla maganar, ana suyar tarwaɗa. Dewitt abokin Lonnie ne tun suna tsallake katangar makaranta, direban babbar mota da ya yi ritaya. Na ukunsu shi ne siririn, Nestor Amaya, wanda ya taɓa aikin jan waya a ginin kafin a sallame shi.

"Lauya ya ce babu mai shaida ko ɗaya," in ji Lonnie. "Bidiyon gidan man ne kawai. Ya ce wajen Brackwell ake ajiye shi."

"To ai ga shi can." Nestor ya nuna bayan itatuwa da cokali mai yatsu. "Zaure na uku. Na san layin, na san akwatin. Ni na ɗaura masa waya."

Dewitt ya juya kifi, ya harare shi. "Kai yaro, ka tabbata? Ni fa ban yarda da abin da ba a gani da ido ba."

"Haba Kawu, kai da saƙon waya ma sai jikarka ta karanta maka?"

"Rufe min baki, ɗan nema!"

Lonnie bai yi dariya ba. "In aka fasa akwatin fa?"

"Shi ke nan. Ɗanka a gida zai ci abincin Kirsimeti."

"Kai kuma me za ka samu?"

"'Yan ƙwaƙwalen na'ura ne, akwai masu nema. Wannan harkata ce, ba ruwanku."

Ɗan banzan ya san abin da ya ƙi faɗa musu. Shi dai mai riƙe bindiga yake nema da direba, sai ya samu uban da idonsa ya rufe da abokin da ba ya iya cewa a'a.

Katin Tesfaye ya buɗe zaure na uku. Sanyi ya mare su. Akwatuna baƙaƙe sun jeru layi-layi har inda ido ya ƙare, fitilu kore na ƙifta musu, ƙara kuwa sai ka yi ihu a ji ka. Nestor ya faɗa wa wani layi kamar mayunwaci, yana zaro kaya yana jibgawa a keken tura kaya.

"Nawa fa?" Lonnie ya ɗaga murya. "Ina nawa?"

"Jira mana!"

"Ba zan jira ba! Ina yake?"

Nestor ya waiga, ya zaro akwatin da ya fi kusa da hannunsa, ya dangwara masa a ƙirji. "Ga ɗanka nan. Riƙe shi da kyau."

Lonnie ya rungume ƙarfen. Hawaye ya jiƙa takunkuminsa.

Tesfaye na durƙushe, hannu a ƙeya, yana kallonsa. "Yallaɓai, mene ne a ciki?"

"Bidiyon da za a ɗaure min yaro da shi."

"Wa ya gaya maka haka? Yallaɓai, saurara, ni ma uba ne. A nan ba a ajiye abu wuri ɗaya. Duk abin da ya shigo sai an—"

Tau!

Tesfaye ya kife. Jini ya malalo kan farin daɓen.

"Me ka yi?" Lonnie ya yi kansa. "Me ka yi, Nestor? Mun ce ba jini!"

"Ƙararrawa zai danna! Ban da ni da mun shiga hannu!"

"Hannunsa na ƙeya!"

"Tsoho, zaɓi ɗaya, shi ko Tavon!" Nestor ya tsinke katin daga wuyan maigadin ya cusa masa a aljihu. "Akwai wata mace a teburin gaba, ta ji harbin nan. Bi ta can ka tsare ta kar ta kira kowa. Ni zan fitar da kaya ta baya, mu zagayo mu ɗauke ka. Yi sauri!"

Lonnie ya dubi mutumin da ke shure-shure a ƙasa. Ya dubi akwatin. Ya ruga.

Hanyar gaba ta wani ɗan ɗakin gilas take bi, mai ƙofa biyu, mutum ɗaya yake ci. Lonnie ya manna katin. Ƙofar farko ta buɗe, ya shiga, ta rufe. Ya tura ta biyu.

Shiru.

Ya sake turawa. Ya manna katin. Jar fitila ta kama, jiniya ta ɓarke — wiii! wiii!

Daɓen ɗakin nan sikeli ne. Yana auna mai shiga, yana auna mai fita, kuma ya san nauyin mai kowane kati. Tesfaye ɗan firit ne. Yau ga katinsa ya zo da ƙato rungume da ƙarfe. Duk wanda ya taɓa aiki a ginin ya san haka, Nestor ma ya sani.

Lonnie ya doki gilashin da kafaɗa. Ya sa ƙafa. Ya ja baya ya harba — tau! Gilashin ya yi ɗan farin tabo kawai. Ta cikinsa yana hango matar teburin ta shige ƙarƙashin kujera da waya a kunne.

A daidai lokacin, wata 'yar sanda, Saja Colleen Brubaker, na tsaye a barandar wata tsohuwa a unguwarmu, Mama Odessa, wadda ɓarayi suka fasa wa gida tun safe. Rediyon kafaɗar Saja ya yi ƙara. "Brackwell! Harbi a Brackwell! Duk motoci!"

Saja ta mayar da biro aljihu.

"Ina za ki?" in ji Mama Odessa. "Tun safe nake kira, sai yanzu kika zo. Gini ya yi tari kuma duk kun miƙe?"

"Mama, harajin ginin ne ya sayi motar nan da nake ja. Zan dawo."

Ba ta dawo ba.

A ƙofar baya, Dewitt na zaune a motar gyaran da suka yi haya, inji na aiki. Nestor ya watsa kayan a ciki ya faɗo kujerar gaba.

"Ja mu ware!"

"Ina Lonnie?"

"Yana zuwa. Ja!"

"Na ce ina Lonnie? Wannan jiniyar ta mece ce?"

"Kawu, ya shiga hannu! Ka ja motar nan ko duk mu bi shi!"

Dewitt ya dube shi sau ɗaya, ya gane komai. Ya murza sitiyari zuwa gaban ginin. "Tare muka zo, tare za mu koma. Shege maci amana!"

"Juya!"

"Ba zan juya ba!"

Tau! Tau!

Ƙofar direba ta buɗe, Dewitt ya gangaro kan kwalta. Motar ta yi baya, ta take shingen ƙarfe, ta fece.

Lonnie bai ga wannan ba. Ya hango motocin 'yan sanda na kwararowa ta ƙofar gaba, ya san ba fita. Sai ya ajiye akwatin a ƙasa, ya durƙusa, ya hau dukansa da gindin bindiga. Kwas! Kwas! Murfin ya ɓare. Ya zaro fayafayan ciki ɗaya bayan ɗaya, yana karyawa, yana takewa da takalmin aiki, yatsunsa na zubar da jini.

"Ajiye makami! Kwanta ƙasa!"

Ya ajiye. Ya kwanta a kan tarkacen. Waɗanda suka sa masa ankwa sun ce murmushi yake yi.

Nestor bai ƙetare kogi ba. Kyamarorin kan titi sun yi ta miƙa lambar motarsa daga wannan sanda zuwa waccan, kuma ka san a wane irin gini ake tara abin da suka gani. A bakin gada aka tare shi, ya fito hannu sama yana kuka yana cewa Lonnie ne ya shirya komai.

Da yamma Saja Brubaker ta zauna gaban Lonnie a ɗakin tambayoyi, ta tura masa ruwa.

"Malam Gaskins, me ya kai mutum irinka wannan wuri?"

"Na gama abin da na je yi. Ki rubuta duk abin da kike so."

"Me ka je yi?"

"Bidiyon ɗana. Ya tafi. Ba ku da abin nuna wa alƙali."

Saja ta dube shi. Daga baya a kotu ta ce da ta san yadda za ta fita ɗakin ba ta faɗa masa ba, da ta fita. Ta zaro wayarta, ta latsa, ta juya masa fuskarta.

Ga gidan mai. Ga Tavon da jar hularsa. Ga hannunsa ya miƙe.

"A'a," in ji Lonnie. "A'a, na fasa shi. Da hannuna na fasa shi!"

"Ba wuri ɗaya suke ajiye shi ba. Yana Oregon. Yana Ohio. Yana ofishin mai gabatar da ƙara tun makon da aka kama ɗanka. Akwatin da ka fasa, hotunan wani kantin sayar da takalma ne a ciki, su ma ba su ɓata ba." Ta kashe wayar. "Maigadin ya cika a hanyar asibiti. Abokinka Dewitt a wurin ya rasu."

"Dewitt? Ai Dewitt yana mota."

"Gaban ginin ya nufa. Wajenka."

Lonnie ya kifa goshinsa kan teburin. Kukan da ya yi har waje ana ji.

Washegari Brackwell ta fitar da sanarwa cewa babu abokin hulɗarta da ya ga ko ƙiftawar ido ta tsaiko. Gaskiya suka faɗa, kuma wannan gaskiyar ce ta fi ci min rai. Tesfaye ya bar 'yan mata biyu a makaranta. Dewitt mun binne shi fasto na ihu don a ji addu'a. An nuna bidiyon a kotu, Tavon ya tafi kurkuku, zai fito da furfura. Lonnie da Nestor ɗaurin rai-da-rai. Geneva matar Lonnie ta sayar da gidan ta koma wajen 'yar'uwarta, kuma ba sai na gaya maka wanda ya saya ba. An riga an fara zuba kankare.

Yanzu ba a zuwa gidan yari ziyara, ta allo ake yi. Ranar Litinin da ba ni da aski nakan kira Lonnie daga shago. Ya rame, gemun ya yi buzu-buzu, ba mai gyara masa.

"Purcell, har yanzu ginin yana gunjin?"

"Yana yi."

"Maigadin nan gaskiya zai gaya min. Da na bari ya ƙarasa maganarsa..." Ya share fuska da tafin hannu. "Ba sa bari in yi magana da yaron. In ka same shi, don Allah ka ce masa babansa ya—"

Lokaci ya cika, allon ya ɗauke. Sai ɗan rubutun godiya ya fito, da tambarin Brackwell a ƙasansa.